Burtsatse mai sola da ajujuwa biyu: da me za mu riƙa bibiyar aikin kada ya tsaya a hanya?

Sakatare_Auyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Auyo. Mun tara kuɗi daga mutanen gari da 'ya'yanmu da ke neman abinci a Kano da Legas da Fatakwal. Niyyarmu mu haƙa rijiyar burtsatse mai sola, mu kuma ɗaga ajujuwa biyu na Islamiyya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ɗakin shan maganin da aka fara mana a baya, yana nan tsaye a linta, ciyawa ta cinye cikinsa, kuma har yau babu mai iya gaya maka takamaimai inda kuɗin suka maƙale. Wani yaronmu da ke karatu a Dutse ya ce akwai manhajojin waya da ake tsara aiki da su. Mu bakwai ne a kwamiti, uku ne ke da babbar waya. Masu irin wannan harka, da me kuke tsara aiki, kuma ta yaya kuke hango abin da zai ɓata shi tun bai faru ba?

Dan_Gujungu:
Wa'alaikumus salam. Littafi mai bango mai ƙarfi da biro biyu. Shi ke nan manhajar.

Injiniya_Ringim:
Malam Sakatare, Allah ya taimaka. Ɗan Gujungu da wasa ya faɗa amma bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai littafin yana buƙatar a san abin da za a rubuta a ciki. Ku zauna ku bakwai ku farfasa aikin ɗaya bayan ɗaya. Ɓangaren ruwa misali: takardar fili, awon ƙasa don gano inda ruwa yake, haƙa, gwajin ruwa, ƙafar tanki, tanki, sumo (injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama) da farantan sola, jan bututu, kawunan famfo. Gaban kowanne ku rubuta abu uku: kwana nawa zai ci, wane ne ke riƙe da shi, kuma me yake jira kafin a fara shi.

Wannan na ukun shi ne mutane ke tsallakewa. Da kun rubuta za ku ga wasu ayyukan a ɗaure suke da juna. Ba a haƙa sai an yi awo. Ba a sayen sumo sai an gwada rijiyar an san zurfinta da yawan ruwan da take bayarwa a awa. Ba a san adadin farantan sola sai an san ƙarfin sumon. Duk wanda ya makara da mako ɗaya a cikin wannan jerin, aikin gaba ɗaya ya makara da mako ɗaya. Ita kuwa ƙafar tanki, ko an jinkirta ta kwana goma babu abin da zai faru, don ana iya yin ta lokacin da ake jiran masu haƙa. To idon shugaba ya kasance a kan jerin farko. Wannan dabara a 1957 aka fito da ita a Amurka, kamfanin DuPont ya yi amfani da ita wajen tsara gyaran masana'antunsa, a 1958 kuma sojojin ruwansu suka fito da irinta don aikin makamin Polaris. Da fensir ma ana yin ta.

Bayan nan ku samu kwali babba, ku ja layukan makonni a sama, ayyuka a gefe, kowane aiki a ja masa sanda daga makon farawa zuwa makon gamawa. Jadawalin Gantt ke nan, sunan wani injiniya Henry Gantt da ya yaɗa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. A manna shi inda kowa zai gani.

Manomi_Kafin_Hausa:
Injiniya ka yi bayani, amma makonnin kwalinka ba su san damina ba. Mu nan ranar da ruwan shuka ya sauka, ko nawa za ka biya lebura ba za ka gan shi ba, yana gonarsa. Watan Agusta kuma tifa ba ta shiga yawancin ƙauyukan Auyo, balle motar haƙa da nauyinta. Yashi ma sai a kwaso shi kafin kogi ya kawo. Kuɗin mutane kuwa da kaka suke fitowa, in an sayar da riɗi da shinkafa. Duk wanda ya yi maka alkawarin gudummawa a watan Yuli, ka rubuta Nuwamba a gabansa. Ni dai shawarata, a fara aza watannin shekara tukuna, a toshe waɗanda ba a aiki, sannan a zuba ayyukan a abin da ya rage.

Injiniya_Ringim:
Haka ne Baba, na karɓi gyara. Watannin nan a shafe su da jan biro a kan kwalin tun farko.

Ummu_Khadija:
Ni ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a harkar ruwa da tsafta, kuma babu aikin da ake sakar mana kuɗinsa sai mun kai rajistar haɗurra. Kada sunan ya tsorata ku, shafi ɗaya ne. Kowa a kwamiti ya faɗi abin da yake tsoro, a rubuta ba tare da an ce wa kowa bakinka ya sari ɗanyen kashi ba. Sai a ba kowane abu maki biyu, daga 1 zuwa 3: yiwuwar faruwarsa, da girman ɓarnarsa idan ya faru. A ninka su. Wanda ya samu 9 ko 6 shi za a zauna a kansa yau, mai 1 ko 2 a bar shi a takarda ana leƙawa.

Misali, tashin farashin siminti: yiwuwa 3, ɓarna 3. Satar farantan sola: yiwuwa 2, ɓarna 3. Magini ya tafi biki ya yi kwana uku: yiwuwa 3, ɓarna 1.

Sai kuma abin da ya fi makin muhimmanci. Kowane haɗari a sa masa mutum guda da sunansa, ba "kwamiti" ba. A rubuta alamar da za ta nuna abin ya taso, da matakin da za a ɗauka. Matakan ba su wuce huɗu ba: ko a kauce masa gaba ɗaya, ko a rage shi, ko a ɗora shi a wuyan wani kamar ɗan kwangila ta hanyar yarjejeniya, ko a yarda da shi a ware masa kuɗi. Kuma a buɗe shafin nan a kowane zama. Na sha ganin rajistar da aka rubuta ranar farko don a burge mai ba da tallafi, ba a sake buɗe ta ba sai ranar rufe aiki.

Sarkin_Gayya:
Ni fa duk wannan boko ne kawai. Kakanninmu sun gina ganuwar Kano da gayya, babu Gantt babu maki. In akwai amana da shugaba mai faɗa a ji, aiki zai tafi. In babu, ko kwali ɗari kuka manna a banza.

Malamin_Tarihi_Gaya:
Sarkin Gayya, ganuwar da ka kawo tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, bai ga ƙarshenta ba, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa bayan shekaru ɗaruruwa. Ina jin Sakatare yana so yara su shiga aji kafin haka.

Sarkin_Gayya:
Hahaha. Malam ka kama ni. Amma maganar amana tana nan.

Baba_Magini:
Bari in faɗa muku yadda gini ke tsayawa a linta, don a hannunmu yake tsayawa. Ba kasafai sata ce ba. Ana kiran magini a ce nawa za ka yi mana ajujuwa biyu, ya faɗi kuɗi da ka, babu takardar ƙididdigar kaya. An fara haƙa harsashi sai wani babba ya zo ya ce a ƙara faɗin ɗakin da ƙafa huɗu. An kai taga sai a ce a ƙara ofishin shugaban makaranta a gefe, ai ɗan ƙarami ne. Wani ya ce a yi baranda. Kowane ƙari bulo ne da rodi da katako da kwano, amma babu wanda ya koma ya sake lissafi. Ranar da aka zuba linta sai ma'aji ya buɗe jaka ya tarar kuɗin rufi sun tafi a bango.

Saboda haka kafin a sari ƙasa a rubuta komai: buhun siminti nawa, bulo nawa, rodi nawa da kaurinsa, tifar yashi da tsakuwa nawa, bandir ɗin kwano nawa, ƙusa, katako, ƙofa, taga, ladan aiki. Duk mai son a ƙara wani abu, ko dagaci ne, a ce masa ranka ya daɗe an ji, ga abin da ƙarin zai ci, daga ina za a ɗauko? A rubuta, mutum biyu su sa hannu, sannan a gaya wa magini.

Kuma kada ku matsa mana a kan lokacin da siminti ke buƙata. Kankare sai ya sha ruwa aƙalla mako guda, ƙarfinsa kuma sai kwana 28 yake cika. Bulo mai inci tara ni ba na yarda a wuce talatin a buhu ɗaya. In kun ga mai buga bulo ya yi muku arha sosai, ku ɗaga guda ɗaya zuwa ƙirji ku sake shi a ƙasa, za ku ga inda arhar ta fito.

Sakatare_Auyo:
Baba Magini kamar kana wurin. A wancan ginin ɗakin ajiyar magani da baranda duk daga baya aka shigo da su.

Abba_Tech:
Tunda an tambayi manhaja bari in amsa. Trello tana da sauƙi, katuna ne kake ja daga layi zuwa layi, asalin tsarin kuma daga kamfanin Toyota na Japan ya fito, ana ce masa kanban. Amma tana son intanet mai kyau, kuma babu Hausa a cikinta. Ga mutum bakwai da waya uku, ban ga amfaninta ba. Ku yi kanban ɗin a allon makaranta: layi uku, "ba a fara ba", "ana kai", "an gama". Lissafin kuɗi kuma mutum ɗaya ya riƙe shi a Google Sheets ko Excel, don shi ke tara jimla da kansa, kuma 'yan Legas za su iya buɗewa su gani daga can. In kuna son hoton aiki da ke nuna rana da wurin da aka ɗauka, KoboToolbox na aiki ko babu sabis, sai an samu a tura.

WhatsApp kuwa ku yi hattara. Saƙon murya na minti shida ba hujja ba ce, bayan wata biyu babu mai iya nemo shi. Duk shawarar da aka yanke a rubuta ta a layi biyu, a kuma kwafe ta a littafin Ɗan Gujungu.

Dan_Gujungu:
Kun ga an dawo kan littafina.

Hajiya_Mai_Adashi:
Ku maza kuna ta zane-zane, ku zo mu yi maganar kuɗi. Na shekara da shekaru ina riƙe adashin mata, abin da na sani shi ne kuɗin jama'a ba ya kwana a aljihun mutum ɗaya, ko waliyyi ne. Ba don zai ci ba. Ɗan uwansa zai zo da mara lafiya, ya ranta masa da niyyar mayarwa ranar kasuwa, shi ke nan an fara. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Mai sayo kaya daban, mai karɓa ya ƙirga daban, mai rubutawa daban. Bayan sallar Juma'a a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a kuma aiko wa mata a gida su ji, don kuɗin ƙuli-ƙulinmu na ciki.

Sannan wa kuka tambaya inda za a sa kawunan famfon? In kun kafa su a bakin majalisar maza, 'yan mata ba za su je ba, za su koma tsohuwar rijiya. Wannan ma ku ba shi maki, Ummu Khadija.

Ummu_Khadija:
Hajiya wallahi 9 ne wannan. Aiki ya kammala amma ba a amfani da shi, ya fi tsayawa a linta ciwo.

Alhaji_Dan_Kasuwa:
Ni a nawa ganin babban abokin gabarku farashi ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin tifa da na dako suka bi ta. Farkon 2024 buhun siminti ya tashi daga wajen naira dubu biyar ya wuce dubu goma a wurare da yawa. Duk wanda ya ajiye kuɗi a banki yana jiran a kai rufi, rabin kwanon ya saya. Ku juya kuɗin su zama kaya tun yau.

Baba_Magini:
Alhaji, rodi da kwano da tanki na yarda, ba sa lalacewa in an killace su. Siminti kuwa a'a. Ya wuce wata uku a ajiye ya fara rasa ƙarfi, in ɗakin na da danshi kuma dutse zai koma. Na taɓa buɗe ɗakin ajiya a wani gari na tarar layin ƙasa gaba ɗaya ya daskare, don a kan daɓe aka jera shi babu katako a ƙarƙashi, ga shi jingine da bango. In dole sai an saya, a mayar da shi bulo kafin damina.

Alhaji_Dan_Kasuwa:
To a biya dila a bar kayan a wurinsa, a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan.

Hajiya_Mai_Adashi:
In farashi ya ninka dilan ya ce sai an yi ciko fa? Ko ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba? In za a yi haka, rasit ya nuna adadin buhu, ba adadin kuɗi kawai ba, da shaidu.

Almajirin_Malam:
Ina bin zancen tun farko. Akwai masu jin cewa zama a lissafa musibun da ba su zo ba rashin tawakkali ne, na san za a samu mai faɗin haka a kwamitinku. Ku tuna masa hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, Annabi (SAW) ya ce ya ɗaure ta kuma ya yi tawakkali. Annabi Yusuf (AS) ma tanadin shekara bakwai ya tsara saboda fari da ke tafe. Rubuta yarjejeniya kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Don haka kada kunya ta hana ku rubutu da ɗan kwangila don ɗan gari ne ko surukin wani.

Sai filin. In kyauta aka ba ku ko waƙafi, a rubuta yanzu mai shi na da rai, 'ya'yansa su sa hannu, mai unguwa da dagaci su shaida.

Dan_Birnin_Kudu:
Ku yi awon ƙasa, kada ku ce tsada. Mu nan ƙasarmu dutse ne a ƙarƙashi, an haƙa mana har sau biyu a wuri ɗaya babu ruwa, mai haƙan ya karɓi kuɗinsa cif don a kan mita aka yi ciniki, ba a kan ruwa ba.

Injiniya_Ringim:
Gaskiya ne, amma ƙasa ta bambanta. Birnin Kudu da Dutse da Gwaram da Kazaure dutse ne, ruwa a tsagogin dutsen yake, kana iya kuskure masa da 'yan mitoci. Ɓangaren Haɗejiya da Auyo yashi ne da laka, samun ruwa bai cika wuya ba. Su nasu haɗarin shi ne rijiya ta riƙa jan yashi in ba a sa bututu mai kyau da tsakuwar tacewa ba, yashin ya kashe sumo cikin 'yan watanni. Shi ya sa rajistar wani gari ba ta yi wa wani.

Biyan kuɗi kuma a yi shi mataki-mataki: kaɗan na kafin alƙalami, wani in an gama haƙa, wani bayan gwajin ruwa a gaban kwamiti. Dokar sayayya ta tarayya ta 2007 da aka fara yin ta kashi 15 cikin ɗari ta ƙayyade na kafin alƙalami, shi ma sai da lamunin banki ko kamfanin inshora. Ku ba gwamnati ba ne, amma ku duba hikimar. A ƙarshe ku riƙe kashi 5 na tsawon wata shida, in babu matsala ku ba shi. Ku kuma ware kashi 10 na jimlar kuɗin don ko-ta-kwana.

Sarkin_Gayya:
Kashi goman nan da mutane sun ji labarinsa an cinye shi. Ranar farko za a ce a sayo lemo da shi don masu sa albarka.

Hajiya_Mai_Adashi:
To kada a ɓoye shi, ɓoyon ne ke jawo zargi. A faɗa a fili cewa ba ya fita sai abin da ke cikin takardar Ummu Khadija ya faru, kuma sai mutum biyar cikin bakwai sun yarda.

Manomi_Kafin_Hausa:
Har yanzu ban ji an ambaci ambaliya ba, alhali Auyo ake magana. Wanda ya ga 2020 da 2022 ba sai an ba shi labari ba. Ruwan madatsun Tiga da Challawa duk ta kogin Haɗejiya yake biyowa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa. Ku je da dattawa su nuna muku iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a jikin bishiya ko tsohon bango, ku ɗaga harsashin ajin ya wuce nan, bakin rijiyar ma a ɗaga shi kada ruwan ambaliya ya shiga. Hukumar kula da yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma na fitar da na ambaliya, ana karantawa a rediyo. Ku sa yaron nan na Dutse ya riƙa bibiya, aikin da ya fi dacewa da wayarsa ke nan.

Abba_Tech:
Farantan sola kuma a ɗora su can sama kan ƙafar tanki, a yi musu walda da ƙarfe, a rubuta lambobinsu a littafi. Sunan gari ma a rubuta da fenti a bayansu.

Ummu_Khadija:
Wani abin da ba a sa shi a kwali shi ne ranar da aka gama. Wa zai wanke farantan in ƙurar hunturu ta rufe su? Kan famfo in ya lalace da kuɗin wa? Garuruwan da na ga ruwansu ya ɗore, 'yan garuwa na biyan wani abu kaɗan a kowace jarka, kuɗin na shiga asusun gyara.

Sarkin_Gayya:
A sayar wa mutane ruwan da suka haƙa da kuɗinsu? A garinmu da an yi haka an raba gari biyu.

Dan_Gujungu:
To ranar da sumo ya ƙone sai a kira gayya a hura masa iska.

Sakatare_Auyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwafe maganganun nan zan karanta wa kwamiti. Na fara ganin kuɗinmu ba za su ɗauki ayyukan biyu a lokaci guda ba in aka cire kashi goma. Shugaba na son a fara da ajujuwa don akwai alhajin da ya yi alkawarin kwano, mata kuma na cewa ruwa.

Baba_Magini:
Ruwa tukuna. Da me za ku kwaɓa siminti, da me za ku shayar da bulo? Sayen ruwa a amalanke kaɗai zai ci muku kuɗin taga.

Alhaji_Dan_Kasuwa:
Ni kuma na ce ku karɓi kwanon nan yanzu tun alhajin na kan bakansa, ko da ginin sai baɗi. Alkawari ba ya cikin kayan da ake ajiyewa.

Injiniya_Ringim:
Sakatare, turo mini faɗi da tsawon ajujuwan da kuke so da yawan yaran, in gwada fitar muku da ƙididdigar kaya. Baba Magini ya duba ya gyara mini ladan aiki, don farashin Ringim ba lalle ya zama na Auyo ba.

Baba_Magini:
Turo. Amma ka sa baranda a ciki tun yanzu, na san sai sun nema.